Rabin Waƙar Niƙa

Ƙarar dutsen niƙa ba ta kama da komai. Gurr, gurr, kamar hadari yana taruwa a bayan tsauni. Na yi shekara arba'in da wani abu ban ji ta ba, sai ranar wata Asabar a harabar gidan tarihi na garinmu, nan Jalingo. Ina jin ta na tsaya cak.

Bari in faɗa muku yadda aka yi na je, don ni ba mai fita ba ce. Daga coci sai Kasuwar Jalingo, sai gida. Ma'aikatan gidan tarihin ne suka bi unguwanni suna neman matan da suka san aikin da, wai za a yi taro a nuna wa 'yan makaranta saƙa da ginin tukwane da niƙa, a kuma ɗauki muryar duk mai tsohuwar waƙa. 'Yata malamar firamare ce, ita ta ba da sunana ba tare da ta tambaye ni ba. Na yi faɗa sosai. Na ce mata waƙar da nake yi ban san ma'anar ko kalma ɗaya a cikinta ba, so take in tsaya gaban masu yaren su yi mini dariya?

Waƙar kakata ce, mahaifiyar Baba. Bamumuya ce, daga kan duwatsu Baba ya ɗauko ta ya kawo ta gidanmu a unguwar Majidaɗi bayan rasuwar kakanmu. Mama kuwa Jukun ce, shi ya sa Hausa ta zama yaren gidan, mu yara muka tashi ba mu iya na uwa ba, ba mu iya na uba ba. Akwai injin niƙa a bakin layi, amma Kaka ta ce garinsa warin baƙin mai yake yi. Da dutsenta ta zo. Bayan girbi, idan sabuwar dawa ta shigo, takan durƙusa a ƙarƙashin mangwaro da hantsi, faifai a gabanta, gumi yana bin tsagar fuskarta, ni kuma ina gefe ina tara garin a ƙwarya. Ƙamshin sabuwar dawa da ɗumin dutse, har yau suna hancina. Hausarta kaɗan ce, kowa "kai" ne a wurinta. Na taɓa tambayarta abin da waƙar ke faɗa. Ta ce, "Kai tara gari." Ban sake tambaya ba. Amma Allah ya ba ni kunne, na kwashe waƙar tsaf. Da Kaka ta rasu, sai ya zama a bakina kaɗai ta rage, kuma ban sani ba ko waƙa nake riƙe da ita ko surutu.

Ranar taron an kafa rumfuna, yara sun zauna layi-layi da kayan makaranta, an kawo tsofaffi daga ƙauyuka a mota. Dutsen da ke ajiye cikin gini aka fito da shi, wata matashiyar ma'aikaciya tana gwada shi, shi ne ƙarar da na ji. Da aka kira ni na durƙusa, aka kawo lasifika kusa da bakina. Na zuba dawa, na tura, na fara. Na yi layin farko na yi shiru, dutse yana tafiya shi kaɗai, don haka Kaka take yi, bayan kowane layi sai ta yi shiru na ɗan lokaci. Duk rayuwata na ɗauka numfashi take mayarwa.

A cikin shirun nan wata murya ta shigo daga bayan rumfa. Siririya, tana karkarwa, amma ta zauna daidai a wurin kamar don ita aka bar shi. Na yi layi na biyu, ta amsa. Na kasa ɗaga kai. Muka tafi haka har ƙarshe, hawayena na ɗiga a cikin garin mutane. Yaran ma babu wanda ya motsa.

Wata tsohuwa ce, ƙarama, da sanda, daga wajen Yorro aka kawo ta don ginin tukwane. Aka zaunar da mu a benci ɗaya. Da 'yar Hausarta ta bayyana mini cewa ba a yin waƙar nan mutum ɗaya. 'Yan'uwa mata biyu ke yin ta a kan duwatsu biyu, babbar tana ja, ƙaramar tana amsawa. Babbar tana tambaya ko kina nan, ƙaramar tana cewa ina nan, hannuna bai gaji ba. Ita ƙarama ce a ɗakinsu, amshi kaɗai ta iya, kuma tun da yayarta ta rasu ba ta sake jin mai ja ba. Sai a lokacin na tuna Baba ya taɓa cewa Kaka tana da ƙanwa da ta rasu wajen haihuwa. Ashe shekara da shekaru Kaka ta yi a ƙarƙashin mangwaron nan tana tambaya, tana bar wa ƙanwarta wurin amsawa.

Na ce, "Mama, ban ɓata ta ba?"

Ta yi dariya ba haƙori. Ta ce, "Bakinka na 'yan birni ne. Amma ba ka zubar da komai ba."

Ma'aikatan sun ɗauki muryarmu, sun tura wa 'yata a waya. Motar ƙauye ta tashi kafin yamma, ban sake ganin tsohuwar ba. Yanzu a Majidaɗi ko mai dutsen niƙa ɗaya ban sani ba, jikokina ma tuwon garin leda suka fi so. Amma jikokin nan mata ne su biyu, kuma suna da kunne irin nawa. Na fara ba babbar ja, ƙaramar amshi, kamar yadda tsohuwar ta ce. Bayan kwana biyu na canza shawara. Wata rana aure ko aiki zai kai ɗaya Yola, ɗaya wani wuri. Na ce kowaccensu sai ta iya duka biyun.