Makunnin da ƙanin mijina ya zo sa mana

Shekarar da wutar lantarki ta shigo gidanmu a Gaya, 'yata ta fara rarrafe. Akwai soket a ƙasan bangon ɗakina, kullum sai na kama ta tana ƙoƙarin cusa yatsa a ciki. Maigidana ya aika wa ƙaninsa, wanda ya koyi aikin waya a Kano, ya zo ya sa mana makunni can sama, yadda in na danna shi soket ɗin zai mutu.

Ya iso da hantsi, lokacin damina, bangon duk ya sha ruwa. An ɗauke wuta tun safe. Na ce, "Ba za ka cire fis ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kafin su kawo na gama."

Ina tsakar gida ina daka sai na ji rediyo ta kama magana, ashe an kawo wuta. Na ruga ɗaki na tarar da shi a tsaye, waya a hannu, jikinsa na karkarwa, ya kasa ko ihu. Na buge hannun da taɓarya, ya faɗi. Kafin maƙwabta su shigo rai ya yi halinsa.

A Ajingi aka yi jana'izarsa. Na durƙusa gaban surukata na kasa ɗaga kai. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ya dai ci abinci?"

Na ce, "A'a, Inna. Ban sauke ba tukuna."