Zaman Talata da Na Ɓoye wa Ƙanena

Ina sito a unguwar Al Buteen, can ƙasar waje inda muke kasuwanci, ina ɗaure kaya aka kira ni daga asibiti cewa ƙanena ya rasu. Hantarsa ce ta lalace.

Wata biyu kafin nan ya ce mini, "Yaya, nemo mini inda masu son barin giya suke haɗuwa. Ni kaɗai na kasa."

Na samu wani zama da ake yi duk Talata a unguwar Al Rigga. Amma a layin nan 'yan kasuwarmu suke cin abinci, na ji tsoron a gan shi, labari ya kai Kano. Sai na ce masa ban samu ba tukuna, na ci gaba da neman wuri mai nisa.

Har yau ban gaya wa Inna abin da ya kashe shi ba.