Tsakuwar Tauren Iya Hure

Shekarar da fari ya cinye ƙasarmu, sojoji na kan mulki, taure ɗaya tak ya rage mana a ƙauyenmu na kusa da Maijirgi. Kakata Iya Hure ce ta turke shi, don a kai shi kasuwar Tasawa a samo irin shuka. Ba ciyawa, ba harawa. Dusa take dama masa da kanwa safe da yamma, ruwa kuwa rabin ƙwarya, don rijiya ta yi ƙasa. Ya yi ƙiba har maƙwabta na leƙe, sai ga shi wata safiya yana yunƙuri yana nishi, fitsari ba ya fita sai ɗigo. Da ya kwana uku a haka, babanmu ya sa masa wuƙa.

Ashe mafitsara ta riga ta fashe a ciki. Zarnin da ya taso ya kori kowa daga tsakar gida. Aka wanke naman sau uku, aka zuba masa tsamiya da barkono, amma kowace loma fitsari ce. Muka ci haka nan, don yunwa. Ni dai na zaga bayan rumbu na amayar da nawa.

Bayan magariba muka kewaye wutar kara yadda muka saba, don Iya ba ta fashin tatsuniya. Ranar ba ta yi mana raha ba. Tafin hannunta ta buɗe: wasu 'yan tsakuwoyi farare-farare da ta tsinto a cikin tauren, wasu kamar rairayi, babbar kamar ƙwayar dawa, duk suna wari.

"Matso, maigidana," in ji ta, haka take tsokanata. "Ka ga abin da ya kashe shi."

"Iya, ƙazanta ce!"

"Ƙazantar ta hana mu iri bana. Duba ta da kyau."

Ta danne babbar da farce, ta rugurguje kamar alli, cikinta ɓawo bisa ɓawo irin na albasa. Sannan ta ba mu labarin wata tsohuwa mai taure. Kullum tauren ya ce mata ƙishirwa yake ji, sai ta ƙara masa dusa. Ran nan wata 'yar ƙwayar rairayi ta sauka a mararsa tsirara, tana jin sanyi. Duk ranar da aka hana shi ruwa sai ta samu riga ɗaya ta sa. Riga kan riga, har ta yi ƙibar da ƙofa ta gagare ta, ta zauna a bakin ƙofar ta hana kowa fita.

"Mi anka yi ma tsohuwar?" in ji ƙanwata.

"Ba wanda ya ce mata komi. Shi ya fi mata ciwo."

Ban gane ba sai da na girma. Ba mai iya ɗora wa Iya laifi a gidan, sai ta ɗora wa kanta a gaban jikokinta. Daga baya wani likitan dabbobi ya yi mini bayani a Mayahi: gishirin da ke cikin dusa ne ke daskarewa a fitsari in ruwa ya yi kaɗan, hanyar fitsarin taure kuma matsattsiya ce, kanwa ko ƙara rura abin take. Na gode Allah da Iya ba ta rayu ta ji wannan ba, don kanwar miyarta ce take hana kanta ta ba shi.