Ranar da Na Murɗo Malam Daga Rijiya

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, wasu ma in 'ya'yana suka tuna mini sai in ce ban san an yi ba. Amma ranar da aka bar maigidana a ƙasan rijiya, igiya na reto babu hannun kowa a kanta, wannan kam har ƙasa ta rufe idona ba ta fita raina. Ko yanzu da nake rubutawa da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci, sai da na ajiye biro na sha ruwa, don haushin bai gama sauka ba.

Malam mahaƙin rijiya ne, sana'ar da ya gada. Daga ƙauyenmu na gefen Bungudu har Wonaka, har 'Yankuzo can ƙasar Tsafe, rijiyoyin da ya haƙa wa mutane ba su ƙirguwa. Gidansa ne kawai babu. Shekara da shekaru ni ce da tulu zuwa gidan maƙwabta, ina gaishe su gaisuwar mai neman alfarma. In na yi magana sai ya ce, "Rijiya ba aikin mutum guda ba ce. Ƙarti huɗu za su baro hidimarsu su tsaya bisa igiya don ki huta da tulu?" Sai in yi shiru. Ni dama ba mai yawan magana ba ce.

Kuma yana da gaskiyarsa. A yadda suke aikin a da, mutum ɗaya ne a ƙasa da diga da guntun shebur, yana cika bokiti da ƙasa, uku ko huɗu a sama suna janyowa da ƙarfin tuwo. Na gabansu ba ya sakin igiya ko da babu kaya a jikinta, domin da ita ake magana. In na ƙasa ya fizga sau ɗaya, a ɗauki bokiti. Sau biyu, a sauko da shi. Sau uku kuwa, ku fitar da ni. Wanda yake riƙe wa Malam igiya wani dattijo ne mutumin Tsafe, yarana suna ce masa Baba, tafin hannunsa ya koma kamar ƙirgi.

To, Malam yana da ƙane mai walda a Gusau, wanda nake tsokana da Injiniya. Wani rani sai ga shi da a-kori-kura ɗauke da tarkacen ƙarafa. Ya kafa su a tsakar gidana: ƙafa uku dogaye da suka haɗe a sama, da kura, wato ɗan faifan ƙarfe mai juyawa, a rataye wadda igiya ke bi ta kanta, da wata gangar ƙarfe a gefe inda igiyar ke naɗewa. An haɗa gangar da sarƙar tsohon babur, aka yi mata hannu irin na injin murza taliya, sai dai babba. Akwai kuma wasu haƙora da ke kamawa ƙaƙas-ƙaƙas, ko ka saki hannun kaya ba ya komawa ƙasa.

"Uwargida," in ji shi, "ki yi wa tulunki bankwana."

Na ce, "Injiniya, Allah shi sa ba irin kujerar da ka yi mini bara ba ce, mai ƙafa ɗaya a sama."

"Wanga ko ke kina iya ɗago buhun gero da shi. Kuma ƙarfe ba shi gajiya, ba shi cin tuwo. Tukunyarki ta huta."

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi. Bokitin da maza uku ke nishi a kai, mutum ɗaya ke murɗo shi yana hira. Malam ya yi ta zagaya shi yana shafawa kamar an kawo masa angarman doki. Nan take ya ce tunda ba a bukatar jama'a, a gidansa za a fara gwadawa, shi a ƙasa, ƙanensa a sama. Aka aika wa Baba cewa ya huta. Ni ma na yi murna, har da guɗa a zuci. Ga rijiya a gida, ga shi ba zan tuƙa tuwon ƙarti biyar ba. Babu ɗayanmu, har da ni, da ya tsaya ya tambayi abin da hannun Baba yake yi a kan igiya ban da ja.

Gidanmu kusa da fadama yake, ruwa ba shi da nisa. Ba a yi mako biyu ba, a zurfin gaba huɗu da wani abu, ƙasa ta fara tsattsafo. Malam ya ce sai an ƙara zurfi, in ba haka ba bazara na yi za ta ƙafe. Amma ruwan na taruwa yana hana shi haƙa. Sai Injiniya ya je ya aro injin ban ruwa wurin masu lambu. Tiyon injin gajere ne, bai kai ƙasa ba, don haka ya gitta katako biyu a rabin bakin rijiyar, ya ɗora injin a kai, bututun hayaƙinsa na kallon ramin. Na ji warin hayaƙin har madafa. Na ce a raina, maza sun san aikinsu.

Da hantsi ya ɗaga sai aka yi sallama a ƙofar gida. Wani Alhaji ne daga 'Yankuzo, ya ji labarin ƙarfen, yana so a ƙera masa irinsa. Kun san baƙon namiji ba ya shiga cikin gida. Da a da ne, mai riƙon igiya ko sarki ya zo ba ya motsawa, sai dai a jira. Amma yanzu mene ne zai riƙe? Haƙoran ƙarfe sun riƙe masa. Injiniya ya leƙa ramin ya faɗi wata magana da ƙarar inji ta cinye, ya kakkaɓe hannu ya fita zaure. Daga baya na ji har tsugunawa ya yi yana zana wa Alhajin ƙarfen a ƙasa da tsinke.

Ni kuwa ina wanke-wanke. Ruwan da tiyo ke tofarwa a gefen katanga ya ba ni sha'awa, na ce bari in tara a daro in ɗauraye tukwane, yau dai na ci arzikin rijiyata. Da na cika daron sai na ga babu kowa a wurin ƙarfen. Na matsa don in leƙa, na dafa igiyar saboda kada santsi ya kwashe ni.

Sai na ji ta motsa a hannuna. Ba da ƙarfi ba, kamar ƙaramin kifi ya taɓa ƙugiya. Ɗaya. Biyu. Uku. Shiru. Can kuma ɗaya, biyu, na ukun ma da ƙyar.

Na leƙa. Hayaƙi ya doki idona. Can ƙasa na hango Malam jingine da bango, ruwa har cinya, kansa ya langaɓe. Ya cire bokitin, ya ɗaura igiyar a ƙirjinsa ta ƙarƙashin hammata. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake fizgar igiyar nan, ita kuma tana kai saƙonsa wurin ƙarfe.

Na ce, "Malam!" Bai ɗago ba. Na juya wajen zaure na kira Injiniya. Muryata dama ko kaza ba ta kora, balle ga inji na ruri. Ban san inda ake kashe shi ba, ban taɓa taɓa shi ba. Abin da ke gabana shi ne daron ruwa. Na ɗaga shi na sheƙa wa injin gaba ɗaya. Ya yi tari, ya yi kakari, ya mutu.

Na kama hannun ƙarfen da hannu biyu na ce bisimilla. Na zaci ba zai motsa ba. Ya motsa. Ƙaƙas, ƙaƙas, ƙaƙas. Zanina na kwancewa, ɗankwalina ya faɗi, ban kula ba. In numfashina ya ɗauke na tsaya, haƙoran su riƙe mini shi, in sake kamawa. Ni kaɗai, mace mai 'ya'ya shida, ina ɗago magidanci sukutum daga rami. Dole in faɗi wannan, don hakkin ƙarfen ne: da da hannu ake ja, da ban iya ba.

Shirun injin ne ya shigo da Injiniya. Kiran da na yi bai ji ba, amma mutuwar injinsa ya ji. Ya faɗo gidan da gudu, idonsa a kan katako.

"Wa ya kashe inji? Uwargida, ruwa kinka zuba mai? Na aro ne fa! Mi zan ce ma masu shi?"

A lokacin kan Malam ya iso bakin rijiya, yana lilo kamar tsumma. Ban san ina da irin wannan murya ba sai ranar.

"Ka bar zancen inji ka kama ɗan'uwanka!"

Sai a sannan ya waiwaya. Salati ya kuɓuce masa. Ya rungumo shi muka janyo shi waje, muka shimfiɗe a tabarma ƙarƙashin dogonyaro. Ina fifita, ina kiran sunan Allah. Ihun da na yi ya tara mata maƙwabta, wannan da nono, waccan da manja, kowa da maganinta. Ya buɗe ido, ya yi amai, ya sake lumshewa. Aka sa shi a tsakiya a kan babur sai asibitin Bungudu. Ma'aikacin da ya duba shi ya ce hayaƙin inji a rami ba ya ba mutum lokaci, kasala yake saukar masa har ya kwanta, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin.

Kuna tsammani a nan hankali ya shiga? Washegari da aka sallamo shi, gida cike da 'yan sannu, ina kawo kunu, sai na ji muryar Injiniya daga zaure.

"Ku dai ku duba! Mace guda, wadda ko rago ba ta iya kayarwa, ita ta ɗago Yaya. Da igiyar hannu ce, ina za ta iya? Wanga ƙarfe ai ceton rai ne!"

Na tsaya da kwano a hannu ina jiran Malam ya tsawata masa. Sai na ji muryarsa, a shaƙe, yana cewa, "Ƙwarai kuwa. Ko gezau bai yi ba. Waldar ta kamu." Alhajin 'Yankuzo ma ashe ya dawo, wai yanzu biyu yake so.

Wato ni na ga mijina yana reto kamar tsumma, su kuma talla suka gani. Na ajiye kunun, na je wurin ƙarfen, na zare ƙusar da ke riƙe hannun kamar yadda na ga Injiniya yana yi, na cire shi, na kai ɗakina na sa a ƙasan adaka, na danna kwado.

Bayan kwana uku Malam ya ji ƙarfi, suka tashi ci gaba da aiki. Aka nemi hannu sama da ƙasa. Ina jinsu har akuya suka zarga. Daga ƙarshe Malam ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Ko kin ga hannun ƙarfen nan?"

"Na gani, Malam. Yana wurina."

"To, miƙo."

"A'a."

Shekara ashirin da aure, bai taɓa jin wannan kalma daga bakina ba. Ya tsaya yana kallona kamar na yi wani yare. Injiniya ya leƙo ta bayansa yana murmushi. "Haba uwargida, wasa ya ƙare. Ko so kike ki koma ga tulu?"

Na ce, "Tulu bai taɓa kai ni takaba ba, Injiniya."

Murmushin ya ɗauke. Na faɗa musu a hankali, yadda na saba magana. Inji ba ya sake hawa bakin rijiyar nan, a nemo dogon tiyo a kai shi can bayan katanga. A je Tsafe a ba Baba haƙuri ya dawo, ba don ya ja komai ba, ya zauna kawai da hannunsa a kan igiya. Kuma muddin akwai mutum a ƙasa, ko wa ya yi sallama ya jira. Injiniya ya ce zai iya ƙera wani hannun a Gusau cikin yini ɗaya. Na ce ya ƙera, adakata na da fili.

Kwana biyu suna kumbure-kumbure, Malam har ya ƙi cin tuwona dare ɗaya, ya ci da safe da ɗumame. A na uku ya hau mota zuwa Tsafe da kansa. Aka gama rijiyar lafiya, ruwanta garai-garai, har yau ita muke sha. Ƙarfen ma yana nan yana aiki, ya hutar da bayan mutane da yawa, ban taɓa zaginsa ba. Haushin masu shi nake ji, kuma har gobe in suna ba da labarin, wurin ƙarfin walda suke farawa.

Abin da na koya shi ne, wahala ba ta tafiya ita kaɗai. In wani abu ya zo ya ɗauke maka ita, ka tsaya ka duba me ta tafi da shi a hammata, don sau da yawa a cikin wahalar nan kula take ɓoye. Na kuma koyi cewa ba kowane shiru ne haƙuri ba. Na ji warin hayaƙi tun da safe, na haɗiye maganata don kada a ce mace ta sa baki a aikin maza, kuma saura ƙiris in biya da ran uban 'ya'yana. Tun daga ranar, in hancina ya gaya mini abu, bakina yana faɗa, ko da a hankali ne.