Kifayen Kamilu a Hannun Inna Iyatu

Duk wanda ya taɓa shan koko a unguwar da ke bakin gulbi a Gummi ya san Inna Iyatu. Tun tana amarya take dama koko da kunun tsamiya, kuma da sana'ar nan ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Ta yi kiwon awaki, ta yi na kaji, har da zabi. Kifi kuwa ba ta san shi ba sai a miya.

Autanta Kamilu mai aikin tagogin gilashi ne. A Legas ya koyi sana'ar, a can kuma ya ga akwatin gilashi cike da ruwan teku, da murjani mai rai da kifaye masu launi kamar atamfa. Abin ya zauna masa a rai. Da ya dawo gida ya san ruwan teku ya fi ƙarfin Gummi, sai ya haɗa nasa akwatin da ragowar gilashi, ya shimfiɗa yashin gulbi da ciyawar ruwa, ya sayo jajayen ƙananan kifaye daga Sakkwato. Ya sa ɗan injin da ke hura iska cikin ruwan, ya jona shi da batirin sola, ya ajiye a rumfar tsakar gida.

"Kihin da ba a ci, mi amfaninai?" in ji Inna Iyatu ranar da ta fara gani.

Ana shirin shiga damina Kamilu ya samu aikin wani babban gini a Abuja, na watanni. Kafin ya tafi ya durƙusa gabanta ya yi ta bayani: abinci ɗan kaɗan, iya abin da yatsu biyu suka tsinta, ruwan da za a ƙara sai ya kwana a bokiti, injin kada ya tsaya.

"Na raine ka, kihi ne za ya gagare ni? Tashi ka tahi, Allah shi kiyaye hanya."

Kuskurenta na farko tausayi ne ya jawo shi. Duk sanda ta gifta sai kifayen su taso suna buɗe baki, ita kuwa ba ta iya ganin mai jin yunwa ta wuce. Ta ƙara musu abinci, har da ɗan dusa. Ruwan ya yi fari kamar tsarin gero, wata safiya ta tarar da ɗaya ya juya ciki sama. Ta tsamo shi a tafin hannu, ta daɗe tana dubansa. Da ta kira Kamilu a waya bai yi faɗa ba, ya ce ta rage ruwan kaɗan-kaɗan tana sabuntawa, ta bar su da yunwa kwana biyu. Ta bi maganarsa, tana wucewa tana kawar da kai.

Sai Agusta ta zo da marka. Rana ta ɓuya, batirin ya yi sanyi, da hantsi injin ya yi shiru. Kafin azahar kifayen duk sun taru a saman ruwa suna haki. Ta nemi Kamilu, waya ba ta shiga. Ta aika gidan Nababa mai gyaran sola, aka ce ya tafi Bukkuyum, hanya kuma ta cika da ruwa.

Ta tsaya tana tunani. Aikin injin dai kumfa ne, ita kuwa ta san yadda kunu ke kumfa in ana sheƙa shi. Ta wanke sabon ludayi, ta ja kujera, ta riƙa ɗibar ruwan tana ɗagawa sama tana zubowa a gefe guda. Sannu a hankali kifayen suka fara komawa ƙasa.

Maƙwabciyarta Dija ta leƙo ta katanga. "Iyatu, lahiya? Kunun kihi kike damawa?"

"Zo ki karɓe ni, kafaɗata ta ƙage."

Dija ta shigo tana dariya, amma ta karɓa. Haka suka yi ta karɓa-karɓa suna hira, masu sayen koko ma kowa ya zo sai ya sheƙa ludayi kaɗan kafin ya tafi, har Nababa ya dawo washegari ya kawo aron batiri.

Tun daga nan Inna Iyatu ta mai da kujerarta kusa da akwatin. A nan take tsince gero, a nan take jan carbi bayan la'asar. Ta gane mai zari, ta gane mai kunyar da ke laɓewa bayan dutse.

Kamilu ya dawo ana yankan gero. Ko jaka bai sauke ba ya nufi rumfa. Ruwa garau, ciyawa ta yi tsawo, ga wasu 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa suna yawo a cikinta.

"Inna, ai sun haihu!"

"Na sani. Ka yi magana a hankali."

Da ya huta ya ce yana so ya mai da akwatin shagonsa don masu ciniki su gani. Inna Iyatu ta ci gaba da tankaɗe.

"Gilashi bai ƙare a shagonka ba. Ka haɗa wani, in ƙananan sun yi ƙwari in ba ka biyu."