Ƙurajen Ɗan Fari da Man Shanun Surukata

Har yanzu ranar nan ba ta fita daga raina ba. Baba ne ya ba ni ragowar takardar da ya saya wurin fatake. Ya ce tunda na sauke Alƙur'ani har na taɓa littattafai, in zauna in rubuta abin da ke cina, ko na daina zabura duk lokacin da jariri ya motsa.

A Ƙarfi aka haife ni, aka kai ni aure Bakori. Da cikina ya tsufa aka dawo da ni gida, kamar kowace mai haihuwar fari. Na sauka farkon damina, namiji. Gwaggo, yayar Baba, ita ta karɓi haihuwar, ita ce kuma mai yi mini wankan jego safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, tana fyaɗa mini tana faɗa wai ina ihu kamar akuya.

To, ɗan fari a gaban mutane ba naka ba ne. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a kallonsa sai a sace. In zai sha nono Gwaggo ke ɗauko shi ta ɗora mini, ni kuwa in juya fuska bango kamar an ba ni ajiyar wani. Ban ga laifin kowa ba, ni ma 'yar fari ce. Har yau Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake. Ranar da ta ji daɗina, "ke wannan."

Bayan suna kaɗan ƙurajen suka fito. Ni na fara gani, don mai kallon sata ya fi kowa ƙura ido. 'Yan ƙanana ne jajaye a kumatu, sai bayan kunne. Ina yarinya agana ta taɓa shigowa garinmu, aka riƙa fitar da masu ita bukkoki bayan ganuwa, ƙawata da muke wasan 'yar tsana tare tana cikin waɗanda ba su dawo ba. Abin da na gani a kumatun yaron ke nan, ko da ba shi ba ne.

Amma da wane baki zan faɗa? Na juya kumatun wajen hasken ƙofa, na yi tari. Gwaggo ta ce in ƙara shan kunun kanwa. Na ce, "Gwaggo, ƙudaje na damun mutane a ɗakin nan." Ta ɗauki mafici ta kori ƙudaje. Da na ga rana za ta faɗi a banza, na dubi rufin ɗaki na ce, "Gwaggo, wancan kamar ya yi datti a fuska."

"Wane wancan?"

"Na kan tabarma."

"Au, har kin san yana da fuska? Yau na ga ta kaina, 'yan matan yanzu idonsu a tsakar ka yake."

Amma ta duba. Ta taɓa goshinsa, ta ɗaga hammatarsa, ta ce ba agana ba ce. Mai agana jikinsa zafi yake kamar kasko, wannan kuwa sanyi ƙalau, ga shi yana zuƙar nono kamar ɗan aikin gayya ya samu fura. Na ji daɗi, amma daɗin bai daɗe ba. Ƙurajen suka sauka wuya, suka shiga lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, suka fara tsatsafo da ruwa suna ɓawo. Yaro ya riƙa goga fuskarsa a ƙirjina yana kuka har muryarsa ta dishe. Ina ji a jikina in fatar nan ta buɗe ta zama gyambo, ba zan koma Bakori da goyo ba. Duk wannan ina kallon bango.

Sai gidanmu ya zama kasuwar masu sanin dalili. Inna ta ce zafin wutar da ake hura mini ƙarƙashin gadon ƙasa ne. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta rantse ƙwan zabi na ci da ciki, ga zanen zabuwa nan ya fito ƙiri-ƙiri. Bamagujiyar da ke kawo mana itacen wanka ta ce iskoki ne ke bin sa bashin jan zakara, Baba ya jiyo daga zaure ya yi gyaran murya, ta mayar da maganar sassaƙen marke. Gwaggo kuwa ta ce nonona ne mugu. Ta tatsa a ƙoƙo, ta kamo tururuwa ta jefa ciki, mata suka kewaye suna jiran ta mutu. Tururuwa ta yi iyo ta haye bakin ƙoƙo, ta tsaya ta goge ƙafafunta, ta kama gabanta. Gwaggo ta ce wannan tururuwar mai taurin rai ce, a kamo wata. Ta biyun ma haka. Aka wanke nonona daga zargi, ba tare da kowa ya ba ni haƙuri ba.

Kowa da maganinsa, amma hanyar shafawa ɗaya ce. Garin bagaruwar Inna, a kwaɓa da man shanu. Sassaƙen Bamagujiya, a daka a kwaɓa da man shanu. Tokar maƙwabciya, man shanu. Har rubutun Baba, rabi a ɗiga masa a baki, rabi a murje da man shanu a shafa. Yaro ya riƙa ƙyalli kamar tuwon biki, kyanwar gidan tana bin duk wanda ya ɗauke shi. Ana ƙara magani, ƙuraje na ƙaruwa, ana cewa ciwon ne mai ƙarfi, a ƙara mai.

Ruwan sama ne ya shiga tsakani. Aka yi wani mamako, rafin da ke tsakaninmu da ruga ya cika ya kawo, Bafulatanar da ke kawo mana nono da mai ta kasa ƙetarowa. Mai ya ƙare. Inna tana mita ta koma shafa wa jikanta man kaɗanya, tana ba shi haƙuri, "Angona, ka yi haƙuri da man talakawa." Ni ma furata ta koma ta ruwa da tsamiya.

Ƙurajen suka fara bushewa. Ruwan ya tsaya, ɓawon ya zube, yaro ya yi barcin da tun haihuwarsa bai yi ba. Nan fa kowa ya miƙe karɓar godiya. Inna ta ce bagaruwa, maƙwabciya ta ce toka, Gwaggo ta ce ita dama ta san zai wuce. Ni kuwa ina kwance kan gadon ƙasa ina juya abin a raina. Bagaruwa na nan, toka na nan, wuta na nan ƙarƙashina tana gasa ni. Abu ɗaya ne ya fita daga gidan nan. Na kuma tuna ranar da ƙurajen suka fara, washegarin ranar da Inna ta fara mulka masa mai ce. Na so in faɗa. Na buɗe baki sau ba adadi. Sai in ce da kaina bari dai, ai rafi bai janye ba.

Da rafin ya janye, ba Bafulatana ce ta fara ƙetarowa ba. Surukata ce, uwar mijina, tun daga Bakori a kan jaki, da masaki ɗaure a tsumma a cinyarta. Mace ce doguwa mai murya, wadda in ta yi sallama a zaure ake amsawa a bayan gida. Na ja mayafi na rufe kaina, na durƙusa a lungun ɗaki na gaishe ta da muryar da ni ma ban ji ba. Suruka ai ko idonta ba a kallo.

Gwaggo ta miƙa mata jikan. Ta ɗaga shi sama tana kirari, "Maigidana, mai cefanena, ashe kai ne ka sa ni hawan jaki da tsufana." Sai ta ga tabon ƙurajen, fatar ta yi fari-fari tana saɓa. Ta dubi Inna.

"Wa ya bar mini miji ya bushe kamar kilishi? Ku mutanen Ƙarfi ba ku san mai ba ne, ko rowa ce?"

Inna ta yi dariya ta ce, "Ai mun san ku na Bakori a mai kuke iyo, shi ya sa muka jira ku."

Surukata ta kwance tsumman. Man shanu ne cike da masaki, sabo, rawaya, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Na yi tari. Ba wanda ya juyo. Na ce, "Gwaggo," a hankali. Gwaggo ta harare ni harara mai cewa in na ƙara sai ta ƙara zafin ruwan yamma. Surukata ta luma yatsu huɗu ta kwaso, ta kwantar da yaron a cinyarta, ta juya kumatunsa, kumatun da bai daɗe da daina zubar da ruwa ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga kaina tsaye, mayafi a ƙasa, yaro a ƙirjina, na ji wata murya tana cewa, "Kar ku shafa wa ɗana!"

Tawa ce. Ta yi ƙarfin da karatun Baba ya tsaya a zaure.

Inna ta rufe fuska da gefen zane ta fice. Gwaggo ta kama salati ta kasa kai shi ƙarshe. Surukata na zaune hannu a sama, mai na narkewa yana gangara mata har gwiwar hannu, kyanwa na jira a ƙasa.

"Ɗan wa?" in ji ta. "Maimaita mini, kunnena ya tsufa."

Tunda na riga na tsallake, sai na yi ta tafiya. Ina kuka ina faɗa. Na ce Iya ku gafarce ni, duk ranar da aka shafa mai sai ya kwana yana susa, da rafi ya cika aka rasa mai ya warke. Na faɗi bayan kunnensa, na faɗi hammatarsa, na faɗi wani ɗan wuri a ƙasan cibiya da ko Gwaggo ba ta san da shi ba.

Gwaggo ta ce, "La'ilaha. Ashe bangon nan madubi ne."

Surukata ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Man da na shafa wa ubansa har ya yi ƙarfin da ya aure ki, shi ne yau guba?" Ban dai miƙa yaron ba. Ta dube ni, ta dubi hannuna da ke tallafe da bayansa, ta daɗe tana kallo. Sai ta lashe yatsa ɗaya ta ce, "To. Ƙafa biyu Allah ya ba shi. Ɗaya tawa, ɗaya taki. Gobe ma gani."

Haka aka yi. Ta shafa wa ta hagu man shanu daga gwiwa zuwa ƙasa, na shafa wa ta dama man kaɗanya. Ranar na fara taɓa ɗana a gaban mutane, ina shafawa ina jin kunnuwana na zafi. Na so ma a bar masa ta hagun ba man shanu, amma gara ƙafa ɗaya da fuska. Yinin nan surukata ba ta matsa ba, wai tana gadin ƙafarta kada mutanen Ƙarfi su yi mata maguɗi. Duk matar da ta shigo barka sai an nuna mata, ga ƙafar Bakori, ga ƙafar Ƙarfi.

Da gari ya waye aka fito da shi hasken tsakar gida. Ƙafar Ƙarfi lafiya lau. Ƙafar Bakori ta yi ja bayan gwiwa, ƙuraje sun taso, yana ta goga ta da ɗayar. Surukata ta juya ta, ta sake juyawa, ta tofa mata addu'a, sannan ta ce, "Wannan miji bai san daɗi ba. Dangin uwarsa ya gado." Ta sa aka wanke ƙafar da ruwan ɗumi. Sai ta juyo kaina ta yanke hukunci, abin da ya ƙi a fata zai ƙi a ciki, don haka ni ma ba ni ba mai, ba ni ba nono, sai an yaye shi.

Masakin nan a gabana aka cinye shi. Tuwon dawa da miyar kuka, mai na yawo a sama, Gwaggo na siɗe yatsu tana cewa, "Sannu uwar ɗana, Allah ya ba ki ladan haƙuri." Sunan ya bi ni. Yanzu ko rijiya aka aiki yara, in sun wuce ƙofarmu sai na ji "ɗana, ɗana."

Ba zan ce na gane ciwon duka ba. In rana ta yi zafi yakan ɗan taso a wuya, ranar da aka goya shi da sabon baƙin zane na shuni ma ya taso. Duk sanda na ga ja, zuciyata sai ta koma bukkokin bayan ganuwa. Amma yanzu in na gani faɗa nake, da baki, kuma ana ji.

Inna ba ta yi mini magana ba har surukata ta koma Bakori. Na ɗauka fushi take. Ran nan da hantsi ta kawo mini kunu, ta ajiye, ta tsaya tana gyara faifan da bai karkace ba. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke. Da kika yi ƙyanda, bayan rumbun can nake zuwa in yi kukana. Gwaggonki ta ɗauka ciwon ido nake, ta yi ta ɗura mini magani." Ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. "Ki duba masa bayan kunnen dama. Tun jiya na ga kamar ya yi ja."