Akwatin Tsuntsayen Enid

Norris Thwaite maƙwabcina ne a ƙauyenmu na Yorkshire, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya ƙi jinin jefar da abu kamarsa ba. Tsohon kafinta ne. Duk wanda kurege ya gaigaye masa akwatin abincin tsuntsaye, ko ruwan sama ya ruɓar da rufin, wurinsa yake kaiwa. Ya karɓa yana mita, ya gyara, ya haɗa maka da faɗa.

Nasa akwatin ya fi na kowa tsufa. Shi ya ƙera wa matarsa Enid shekarar da suka yi aure, ya kafa shi kan sanda daidai tagar ɗakin girki. Faci kan faci, har ba ka gane katakon asali.

Nakan ce masa, "Haba Norris, ƙona gawar nan ka huta."

"Ke ma ai kin tsufa, Hilda. Wa ya ƙona ki?"

Da ɓarin jikin Enid ya shanye, magana ta ɗauke mata. Abinci sai da lallashi. Amma idan ya turo kujerarta gaban taga da safe, ƙananan korayen tsuntsayen nan suka sauko kan gyaɗa da kitse, sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ce, "Ga su." Iyakar maganar da ta rage mata ke nan, kuma a lokacin ne kaɗai take yarda ta buɗe baki ya ba ta kunu.

Sai tsuntsayen suka fara mutuwa. Ka gan su sun yi jugum, gashi a tashe, ƙwaya a baki sun kasa haɗiyewa. Ya kai ɗaya wurin likitar dabbobi. Ta ce ciwon maƙogwaro ne da suke ɗauka a wurin ci, kuma tsagar tsohon katako ce ke ɓoye shi, inda sabulu da burushi ba sa kaiwa. Dole a sauke akwatin, a hana su abinci makonni, har taron ya watse.

Ya same ni a bakin shinge, ya ce, "In na bar shi, ni ke kashe mata su. In na sauke, me za ta kalla?"



Ya sauke, ya ƙona shi da hannunsa, ya shiga ƙera sabo mai santsi wanda ake kwancewa a wanke. Kullum da safe yana turo ta gaban taga, ya durƙusa yana yi mata bayani. Ta dubi sandar, ta dube shi, ta rufe bakinta gam. Allah sarki, kafin makonnin su cika Enid ta rasu.

Bayan an binne ta ya ɗora sabon akwatin. Tsuntsaye suka dawo, lafiyarsu ƙalau, wallahi har haushinsu na ji. Na kai masa miya na tarar da shi tsaye a taga, hannunsa kan kujerarta. Bai juyo ba ya ce, "Hilda, kina ganin ta gane bayanin nan kuwa? Ko ta tafi tana zaton korarsu na yi?"